Matsayin Ɗalibin Digiri na Biyu Idan Jami'a Ta Daina Ɗaukar Ɗalibai a Fanninsa

Gabatarwa

Jama'ar ƙasar nan sun farka ƙwarai da gaske wajen neman ilmi mai zurfi. A da, wanda ya sami digirin farko yakan ɗauka ya kai ƙarshen hanya. Yanzu kuwa malamin sakandare, da ma'aikacin ƙaramar hukuma, da akawun banki, da malamin gona, duka ana ganinsu suna komawa aji don neman digiri na biyu. A garin Mubi ta Jihar Adamawa wannan abu a fili yake, tun da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa cikin 2002, ta kawo irin wannan karatu kusa da mutanen Maiha, da Michika, da Madagali, da Hong, waɗanda a da sai sun niƙi gari zuwa Maiduguri ko Zariya ko Yola.

To, amma akwai wani al'amari da yakan tayar wa ɗalibai da hankali a ko'ina cikin Nijeriya. Wata rana sai a ji sanarwa cewa jami'a kaza ta daina ɗaukar ɗalibai a fanni kaza. Nan da nan sai jita-jita ta bazu: wasu su ce an soke karatun, wasu su ce takardar shaidar ta zama banza, wasu ma su tattara littattafansu su koma gida. Maƙasudin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa jama'a ƙa'idodin da jami'o'i suke bi a irin wannan hali, domin kowa ya san haƙƙinsa, ya kuma san abin da ya wajaba a kansa.

Wa Yake Da Ikon Ba Da Digiri?

Hukumomi biyu ne suke da hannu cikin wannan sha'ani, kowace da iyakar ikonta.

Ta farko ita ce Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NUC. An fara kafa ta cikin 1962 a matsayin mai ba Gwamnati shawara, sa'an nan dokar soja ta lamba 1 ta 1974 ta mai da ita cikakkiyar hukuma. Babban Sakatarenta na farko shi ne Farfesa Jibril Aminu, mutumin Song ta Jihar Adamawa. Dokar soja ta lamba 16 ta 1985 kuwa ita ce ta ba hukumar ikon tsara mafi ƙarancin abin da kowane fannin karatu zai ƙunsa, da ikon zagayawa jami'o'i ta tantance ko suna cika sharuɗɗan. Ba jami'ar da take da iznin buɗe sabon fanni sai hukumar ta aika da masana sun duba malamai, da ɗakunan karatu, da laburare, da kayan aiki, ta kuma amince.

Ta biyu ita ce Majalisar Dattawan Jami'a, watau majalisar da ta ƙunshi Shugaban jami'a, da farfesoshi, da shugabannin tsangayoyi da na sassa. Ita ce take da wuƙa da nama kan karatu da jarrabawa, kuma da yardarta kaɗai ake ba da digiri. Ko da ɗalibi ya ci dukan jarrabawarsa, ya kuma kāre kundin bincikensa a gaban malamai, bai zama mai digiri ba sai majalisar ta zauna ta tabbatar da sakamakonsa, ta gamsu da ilminsa da kuma halinsa.

A taƙaice, hukuma tana lura da ingancin fanni, majalisa kuwa tana lura da ɗalibi. Ya kamata kuma a sani cewa JAMB, wadda aka kafa cikin 1978, ba ruwanta da shiga karatun digiri na biyu. Wannan aikin makarantar karatun gaba da digirin farko ne ta kowace jami'a. Haka nan kwalejojin fasaha, irin su Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi wadda aka kafa cikin 1979, suna ƙarƙashin wata hukuma ce dabam, watau NBTE, kuma difloma da babbar difloma suke bayarwa.

Rufewa Iri Huɗu Ce

Yawancin ruɗanin da ake samu yana faruwa ne saboda jama'a suna gwamutsa abubuwa huɗu waɗanda hukuncinsu ya bambanta.

Na ɗaya, rufe jami'a baki ɗaya na wani lokaci saboda tashin hankali, ko annoba, ko yajin aiki. Mutanen Mubi sun ga irin wannan a ƙarshen watan Oktoba na 2014, sa'ad da mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin, ɗalibai da malamai suka watse, wasu ma suka ƙetare iyaka zuwa Kamaru, kafin a ƙwato garin cikin watan Nuwamba. Ƙasa duka ta ga irinsa cikin 2020 lokacin annobar korona, da kuma yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas cikin 2022. A irin wannan hali fanni yana nan da ransa. Kalandar karatu ce take tsayawa, idan aka komo sai majalisa ta sake tsara ta, kowa ya ɗora daga inda ya tsaya.

Na biyu, jami'a da kanta ta yanke shawarar daina ɗaukar ɗalibai a wani fanni. Dalilai suna da yawa: manyan malamai sun yi ritaya ko sun koma wata jami'a, masu neman fannin sun ragu, an haɗe sassa biyu, ko kuwa an sabunta manhaja har an canja wa fannin suna.

Na uku, hukuma ta tantance fanni ta same shi bai cika sharuɗɗa ba. Sakamakon tantancewa iri uku ne. Fannin da ya sami maki 70 cikin 100 ko fiye, tare da cika muhimman sharuɗɗa, yakan sami cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya tsaya tsakanin 60 da 69 yakan sami amincewa ta wucin gadi ta shekara biyu, domin a gyara kurakurai. Wanda ya gaza 60 kuwa an ƙi amincewa da shi ke nan, kuma wajibi ne jami'a ta daina ɗaukar sababbin ɗalibai a cikinsa har sai an sake dubawa an ga gyara. Wani lokaci umurnin hukuma yakan shafi jami'o'i duka, kamar yadda aka haramta rassan jami'o'i na nesa cikin 2001, da kuma yadda aka dakatar da karatun wucin gadi cikin 2012.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muni, fannin da tun asali ba a amince da buɗe shi ba, ko makarantar da ba ta da iznin zama jami'a. Wannan ba a ma kiransa rufewa, domin abin da ba a buɗe ba bisa doka ba ya da ƙofar da za a rufe. Wanda ya shiga irinsa ba shi da wata kāriya, kuɗinsa da lokacinsa sun tafi a banza.

Bayanin da ke biye ya shafi na biyu da na uku ne.

Babbar Ƙa'ida

Ƙa'idar da jami'o'in duniya suka ginu a kanta ita ce: rufe ƙofar shiga ya shafi wanda yake waje ne. Wanda aka ɗauka bisa ƙa'ida kafin a rufe, ya yi rajista, ya biya kuɗin makaranta, to akwai alkawari tsakaninsa da jami'a. Haƙƙinsa ne a ci gaba da koyar da shi, a duba aikinsa, a yi masa jarrabawa, har ya gama cikin wa'adin da aka ɗiba masa. Bisa al'ada kuma sharuɗɗan da suke aiki a shekarar da ya yi rajista su ne ake binsa da su, kuma sunan digirin da ya shiga nema shi za a rubuta a takardar shaidarsa.

A Ingila, tun daga 2018, ana bukatar kowace jami'a mai rajista ta rubuta shirin kāre ɗalibai, wanda zai nuna abin da za a yi musu idan an rufe fanni ko makaranta. A Amurka ma hukumomin tantancewa suna neman a gabatar musu da tsarin kammala karatun waɗanda suka rage. A nan Nijeriya tarihin Adamawa kansa ya ba da misali. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Yola, wadda aka kafa cikin 1981, an haɗe ta da Jami'ar Maiduguri cikin 1984, sa'an nan aka sake ba ta cin gashin kanta cikin 1988. Ita ce yau ake kira Jami'ar Modibbo Adama. Duk da wannan sauyi karatu ya ci gaba a Yola, ɗalibai suka zama ƙarƙashin uwar jami'ar da aka danƙa wa amanarsu.

Sharuɗɗan Da Ba Su Canjawa

Kada wani ya zaci cewa da yake fanni yana kan hanyar rufewa, za a yi masa rangwame domin a rabu da shi. Abin da aka nema daga na farko shi za a nema daga na ƙarshe. Ko da yake kowace jami'a tana da littafin dokokinta, galibinsu sun haɗu a kan waɗannan:

1. Ɗalibi ya shiga da takardun da suka cancanta, yawanci digirin farko mai daraja ta biyu, ko difloma ta gaba da digiri mai kyakkyawan sakamako.

2. Ya sabunta rajistarsa a farkon kowace shekarar karatu, har ranar da zai gama, ko da kundin bincike kaɗai ya rage masa.

3. Ya ci dukan darussan da aka wajabta, inda makin ci yawanci 50 ne cikin 100.

4. Ya rubuta kundin bincike ƙarƙashin malamin da jami'a ta naɗa ya duba aikinsa.

5. Ya kāre kundin a gaban kwamitin jarrabawa, wanda a cikinsa akwai masani daga wata jami'a, sa'an nan ya yi gyare-gyaren da aka umurce shi cikin lokacin da aka ba shi.

6. Ya gama cikin wa'adi. Ga mai karatu na cikakken lokaci, mafi ƙaranci yakan zama zango uku ko huɗu, iyaka kuma ba ta cika wuce zango shida ba. Mai karatun wucin gadi yakan sami ƙari a kan haka.

Inda Gizo Yake Saƙa

Wannan sharaɗi na shida shi ne ya fi kayar da mutane, kuma a nan ne fannin da aka rufe ya bambanta da wanda yake buɗe.

A ɗauka, alal misali, wani malamin sakandare ne a Maiha ya yi rajistar digiri na biyu a wata jami'a cikin shekarar karatu ta 2022/2023, wa'adinsa kuma zango shida ne. Watau ke nan yana da dama har ƙarshen shekarar karatu ta 2024/2025. Sai aka daina ɗaukar ɗalibai a fanninsa daga 2023/2024. Wa'adinsa yana nan daram, ba a rage masa ko da zango ɗaya ba. Amma abubuwa uku sun canja.

Na farko, ajinsu shi ne na ƙarshe. A fannin da yake buɗe, wanda ya faɗi darasi yakan jira baɗi ya zauna tare da 'yan baya ya sake. Shi kuwa ba shi da 'yan baya. Saboda haka wajibi ne ya garzaya wurin shugaban sashe tun da wuri, a san yadda za a yi: ko a sake koyar da darasin domin waɗanda suka rage, ko kuwa majalisa ta amince a musanya shi da wani darasi makamancinsa daga wani sashe. Musanyar da aka yi da fatar baki tsakanin ɗalibi da malami ba ta da wani tasiri ranar da za a kai sakamako gaban majalisa.

Na biyu, malamai sukan ragu. Sau da yawa ƙarancin malamai shi ne ma dalilin rufewar. Idan mai duba aikin ɗalibi ya bar jami'a, ko ya tafi hutun nazari, ko Allah ya yi masa rasuwa, nauyin jami'a ne ta naɗa wani, ko da daga wani sashe ne ko daga wata jami'a. Amma nauyin ɗalibi ne ya rubuta takarda ya nema. Wanda ya zauna shiru yana jira, watanninsa suna ƙarewa ne cikin wa'adinsa.

Na uku, kuma shi ne mafi haɗari, ba hanyar komowa. A fannin da yake buɗe, wanda wa'adinsa ya ƙare, ko ya daina rajista har aka cire sunansa, yana iya sake neman shiga ya fara daga tushe. A fannin da aka rufe kuwa, da zarar sunansa ya fita to ya zama ɗaya da mutumin waje, ƙofa kuma a rufe take. Abin da ya rage masa sai ya nemi wani fanni makusanci, ko wata jami'a, kuma ba lalle ne a karɓi dukan darussan da ya riga ya ci ba.

Don haka wanda wata lalura ta same shi, ko ciwo, ko haihuwa, ko canjin wurin aiki, ko gudun hijira, kada ya ɓace kawai. Ya rubuta takardar neman ɗage karatu, ta bi ta hannun shugaban sashe zuwa makarantar karatun gaba da digirin farko, ya haɗa da shaida, ya jira amsa a rubuce. Haka kuma wanda ya ga wa'adinsa yana ƙaratowa alhali aikinsa bai kammala ba, ya nemi ƙarin lokaci kafin wa'adin ya cika. Majalisa tana da ikon bayarwa, tana kuma da ikon hanawa. Roƙon da ya zo a kan kari, tare da bayanin mai duba aiki cewa saura ƙiris, ya fi samun shiga.

Darajar Takardar Shaida

Digirin da majalisar jami'a ta tabbatar, a fannin da hukuma ta amince da buɗe shi, ga ɗalibin da aka ɗauka kafin a rufe, digiri ne cikakke. Rufe fanni daga baya ba ya shafe shi, kamar yadda rushe ajin da mutum ya yi karatu a ciki ba ya ɗauke ilmin da ke kansa. Ofishin Magatakardan jami'a shi yake ajiye sakamakon ɗalibai, kuma yana nan ko da sashe ya watse. Daga can ake neman takardar cikakken sakamako, can kuma ma'aikatu suke aikawa don tabbatar da gaskiyar takarda.

Ana kira ga shugabannin ma'aikatu da kamfanoni da kada su ƙi karɓar takardar mutum don kawai sun duba jerin fannonin jami'a na bana ba su ga nasa ba. Abin dubawa shi ne matsayin fannin a shekarar da aka ɗauki ɗalibin.

Wanda aka ɗauka bayan an ba da umurnin rufewa kuwa, nasa hukuncin dabam ne. Shigarsa ta saɓa wa ƙa'ida, takardarsa kuma tana iya gamuwa da cikas wajen neman aiki, ko ƙarin girma, ko shiga karatun digiri na uku.

Waɗanda suka tafi karatu da iznin ma'aikatarsu, ko da tallafin asusun TETFund, kamar malaman Kwalejin Ilmi ta Hong da na Kwalejin Fasaha ta Mubi, ya kamata su sanar da masu ɗaukar nauyinsu duk wani canji da ya auku, musamman canjin fanni ko ƙarin lokaci, domin yarjejeniyar da suka sa wa hannu tana da nata wa'adi.

Idan An Sami Saɓani

Ɗalibin da ya ga an tauye masa haƙƙi ya bi matakai daki-daki: shugaban sashe, sa'an nan shugaban makarantar karatun gaba da digirin farko, sa'an nan Shugaban jami'a da majalisa, sa'an nan hukumar gudanarwar jami'a. Yana kuma iya kai kuka ga NUC a Abuja, ko ga Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa cikin 1975, mai ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo.

Game da kotu, ya kamata a san inda ta tsaya. Cikin 2005, a shari'ar wani ɗalibin digiri na biyu da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi, Kotun Ƙoli ta nuna cewa auna cancantar ɗalibi ga digiri al'amari ne na cikin gida, wanda doka ta danƙa wa majalisar jami'a. Cikin 2014 kuma, a wata shari'a da ta shafi Jami'ar Ilorin, kotun ta nuna cewa tana da ikon shiga idan an riƙe sakamakon ɗalibi ba bisa ƙa'ida ba. Ma'ana, kotu ba ta gyara takardar jarrabawa, amma tana tsare haƙƙin wanda aka zalunta.

Jan Kunne Ga Jama'a

Mai niyyar shiga karatu ya bincika tukuna ko hukuma ta amince jami'ar ta koyar da digiri na biyu a wannan fanni, ya kuma tabbata ana ɗaukar ɗalibai a shekarar. Jerin jami'o'in da aka amince da su yana shafin hukumar na intanet, haka nan takan wallafa sunayen haramtattun makarantu. Wannan gargaɗi ya fi shafar mazauna garuruwan kan iyaka irin su Mubi, inda masu tallar digirin ƙetare suke samun kasuwa. A tuna cewa cikin Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga ƙasashen Benin da Togo, bayan an bankaɗo yadda ake sayar da su.

Kada kowa ya biya kuɗi a hannun wani mutum wanda ya ce zai shigar da shi ta bayan gida cikin fannin da aka rufe. Kuɗin makaranta ta hanyar da jami'a ta sanar kaɗai ake biyansa.

Wanda yake cikin karatu kuwa ya adana takardar ɗaukarsa, da rasit na kowace shekara, da takardun rajista, da littafin dokokin shekarar da ya shiga, da duk wata wasiƙa da ta shiga tsakaninsa da jami'a. Ya ɗauki hotonsu ya ajiye a wani wuri dabam, domin waɗanda suka bar gidajensu ba shiri cikin 2014 sun san abin da asarar takardu take jawowa.

Iyaye, da mazajen ɗalibai mata, da shugabannin ma'aikatu, su ma suna da nasu rabo: su ba ɗalibi sarari ya gama a kan lokaci. Wanda ya ji an rufe ƙofar fanninsa, kada ya saurari jita-jita. Ya tafi ofishin da abin ya shafa ya tambaya, a ba shi amsa a rubuce, ya san ranar da wa'adinsa zai cika, sa'an nan ya zage damtse. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.